Yadda Ake Zana Mutum da Layuka Kaɗan Har Mai Kallo Ya Gane Shi

Bayan magariba, idan aka ɗauke wuta, wani ya ɓullo daga ƙarshen lungu. Ba ka ga fuskarsa ba, ba ka ma tantance launin rigarsa ba, amma ka riga ka ce "ga Baba nan tafe". Me ka gani? Ka ga yadda kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka, ka ga hular da aka tura ƙeya, ka ga takun mai ciwon gwiwa. Abubuwa uku ko huɗu ne kawai suka shiga idonka, sauran ƙwaƙwalwarka ce ta cike. Irin zanen da zan koya maka a nan, wanda nake kira zanen ishara, a kan wannan baiwar ya dogara. Za ka zauna gaban mutum mai rai, ka kalle shi da kyau, ka zubar da duk abin da mai kallo zai iya cikewa da kansa, ka bar masa abin da in babu shi ba zai gane komai ba.

Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, Gunnar Johansson na jami'ar Uppsala, ya gwada wannan a 1973. Ya maƙala ƙananan fitilu, kimanin goma zuwa sha biyu, a gaɓoɓin mutum: kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, ƙugu, gwiwa, idon sawu. Ya ɗauki hotonsa mai motsi a cikin duhu. Muddin mutumin na tsaye cik, masu kallo ɗige-ɗige kawai suke gani kamar taurari. Da ya fara tafiya, kafin ƙiftawar ido sai kowa ya ce mutum ne ke tafiya. Matsalarmu mu masu zane ita ce takarda ba ta motsi. Saboda haka aikin da motsi ya yi wa Johansson, mu layi ne zai yi mana shi, kuma kusan duk matakan da ke tafe neman wannan layin ne.

Kayan aiki da wanda za a zana

Kada tsadar kaya ta tsayar da kai. Gawayi, takarda mai faɗi, katako ko kwali mai ƙarfi da za ka maƙala takardar a jiki, fensir ɗaya, da kilina. Tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti da aka kaɗe ta isa ga atisayen farko, domin za ka ɓata takardu da yawa, kuma wanda yake jin ƙyashin takarda hannunsa ba ya sakewa. Gawayin murhu yana da tauri, yana kartar takarda. Gara ka yi naka: sami siraran rassa busassu masu kaurin fensir, ka ɓare bawonsu, ka cika gwangwani mai murfi da su, ka huda ƙaramin rami a murfin, ka saka cikin garwashi. Idan hayaƙi ya daina fita ta ramin sai ka cire, kada ka buɗe sai ya huce sarai, in ba haka ba iska ta shiga su zama toka.

Wanda za a zana kuwa, ka fara da na gida: ƙaninka, kakarka tana tsince shinkafa, abokinka yana duba waya. In mai shayi ne ko mai facin bakin titi, ka gaishe shi, ka gaya masa abin da kake so, in ya yarda ka sayi shayinsa ko ka ba shi na goro. Zanen mutum a ɓoye ba ya ƙarewa lafiya. Ka zaunar da shi inda haske ke zuwa ta gefe ɗaya, kamar bakin zaure da hantsi. Tsaka da rana a fili inuwa takan taru a ƙarƙashin mutum, jiki ya baje ba tudu ba kwari.

Kai kuma ka tsaya a tsaye in da hali, nesa da shi kamar taku huɗu zuwa biyar, allonka a jingine yana fuskantarka. Riƙon gawayi ba irin riƙon biro ba ne. Ka ɗora shi a ƙarƙashin tafin hannu, tsakanin babban yatsa da sauran, yadda motsin zai taso daga kafaɗa. Mai riƙon biro rubutu yake yi, layukansa gajeru ne masu rawa.

Mataki na farko: ka ajiye gawayin

Minti biyu cif kada ka taɓa takarda. Wannan ne matakin da kowa yake tsallakewa, kuma shi ya sa zanen masu koyo yake kama da juna ko wa suka zana: suna zana mutumin da ke cikin kansu, ba wanda ke gabansu ba. Ka nemi amsar tambayoyi uku. A ina nauyinsa ya sauka? In yana tsaye ya dogara a ƙafa ɗaya, za ka ga ɗan ramin nan na gindin wuya yana saitin diddigen wannan ƙafar, ƙugun ɓangaren ya ɗaga, kafaɗar ɓangaren ta sauka. Wane layi ne mafi tsawo da ya ratsa jikin, daga kai ko yatsun hannu har zuwa ƙasa? Sannan wace kalma ɗaya ce za ta kwatanta shi yanzu: gajiya, jira, gadara, natsuwa? Ni nakan kwaikwayi tsayuwar da jikina na ɗan lokaci. Inda na ji tsoka ta ɗaure, nan ne zan danna gawayi.

Mataki na biyu: zanen gaggawa

Ka sa agogon waya a daƙiƙa 30. Mutuminka ya yi tsayuwa, kai kuma ka zana dogon layin nan da ka gano, ka ƙara layin kafaɗu da na ƙugu, ka sa dunƙulen kai, lokaci ya cika. Ya sauya tsayuwa, ka sauya takarda. Ka yi guda ashirin a haka, sannan goma na minti ɗaya-ɗaya. Ba a gogewa, ba a gyara, ba a zana yatsu.

In ba ka sami mai haƙurin yi maka tsayuwa ba, nemi mai aikin da yake maimaituwa. Mace mai daka ta fi kowa amfani a nan, domin taɓarya tana hawa tana sauka, jikin yana komawa wuri guda duk bayan daƙiƙa biyu. Ka zaɓi lokaci ɗaya tak, misali sa'ad da taɓarya ta kai ƙololuwa, baya ya miƙe, ƙirji ya buɗe, ka riƙa jiran dawowarsa kana ƙara layi ɗaya a kowane zagaye. Mai faskare, mai jan guga a rijiya, da mai bugu a shagon guga duk haka suke.

Zane-zanen farko za su ba ka kunya, kamar kaza ta yi tonon ƙasa a takardar. Daga na sha biyar zuwa sama hannu yake fara jin magana.

Mataki na uku: ido a kan mutum, ba a kan takarda ba

Yanzu ka juya allon gefe yadda ba ka ganin takardar. Ka ɗora idonka a wuri ɗaya na gefen jikinsa, a ce saman hula, ka ɗora fensir a takarda, ido yana bin gefen jiki a hankali kamar tururuwa, hannu yana bin ido, ba ka ɗaga fensir ba har minti biyar. Abin da zai fito karkatacce ne, hannu a wani gari kafaɗa a wani gari. Amma ka duba layin da kansa. Za ka ga ƴan lanƙwasa na gaskiya da ba za ka taɓa ƙirƙirowa da ka ba, kamar yadda wuyan riga ya karye, ko yadda ɗankwali ya yi tudu a bayan kunne. Ka ajiye wannan takarda, za ka ɗebi layi daga cikinta nan gaba.

Mataki na huɗu: cikakken zane guda ɗaya, da awo

Mutane da yawa sun ɗauka zanen ishara mafakar wanda bai iya zane ba ne. Ka duba yadda shahararren mai zane ɗan ƙasar Sifaniya, Picasso, ya yi da bijiminsa a Faris, tsakanin Disambar 1945 da Janairun 1946. Sau sha ɗaya ya buga hoton bijimi ɗaya daga kan dutsen ɗab'i. Na farko-farko bijimi ne sosai, da tsoka da nauyi, sannan ya shiga rarraba shi yana ragewa, har na ƙarshe ya zama siraran layuka ƴan kaɗan da ɗan mitsitsin kai, amma ba wanda zai ce saniya ce ko doki. Sai da ya mallaki bijimin kafin ya fara zubarwa.

Don haka ka ba wannan mataki minti 25, da hutun mutuminka a tsakiya. Kafin ya tashi ka yi wa inda ƙafafunsa suke alama da alli, don ya dawo daidai. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan sai an haɗa masa da mudun. Miƙe hannunka gaba ɗaya da fensir a tsaye, rufe ido ɗaya, ka daidaita kan fensir da saman kansa, ka sa babban yatsa a saitin haɓarsa. Wannan shi ne mudunka. Baligi a tsaye yakan kai kai bakwai da rabi, yaro ƙarami bai kai haka ba, shi ya sa babban kai yake sa mai kallo ya ga yarinta. Hannun ya zauna a miƙe kowane lokaci, in ka lanƙwasa shi mudun ya canja. Ka kuma riƙe fensirin a tsaye kamar igiyar magini, ka ga me ke saitin me: kunne yana bisa kafaɗa ko ya wuce ta gaba? Sannan ka zana sararin da ke tsakanin hannu da jiki, da na tsakanin ƙafafu. Ƙwaƙwalwa ba ta da sunan da ta ba waɗannan ramukan, don haka ba ta yi maka ƙarya a kansu.

A makarantun zane na Turai tsirara ake yawan zana mutum. Mu namu a suturce yake, kuma suturar ma mai yalwa: babbar riga, hijabi har ƙasa, zani da mayafi. Da farko na ɗauki wannan a matsayin cikas, daga baya na gane rabin aikin ne tufafin suka yi mini, domin sun riga sun haɗe jiki ya zama babban fasali guda. Dabarar ita ce ka nemo inda yadi ya taɓa ƙashi: kan kafaɗa, gwiwar hannu, gwiwa, saman kai. Daga waɗannan wurare ne duk ninkin yadi yake tasowa ya zubo. In ka lura, kusan wuraren da Johansson ya sa fitilunsa ke nan. Ka sa su daidai, rigar za ta sami mutum a cikinta. Ka kuskure su, ka zana labule a rataye.

Mataki na biyar: ragewa

Sallami mutuminka da godiya. Daga nan kai da takardunka ne. Ɗora sabuwar takarda marar kauri a kan cikakken zanen, ka manna su a gilashin taga da rana don ka ga na ƙasa. Ka kwafe shi da layi 30 kacal, kana ƙirgawa. Sai ka ɗora wata a kan wannan ta biyun, ba ta farko ba, ka kwafe da layi 15. Sannan 7. Sannan 4. Ka ci gaba har mutumin ya ɓace, ya zama ba kowa ba. Zanen da kake nema yawanci shi ne wanda ke gab da wannan.

Kowane layi kafin ka bar shi ka rufe shi da yatsa ka duba. In mutumin yana nan, layin ba shi da aiki. Kada kuma ka ji tsoron barin giɓi. Ido yana haɗa layin da ya katse in bakin nan yana fuskantar bakin can, abin da masana ilimin gani na Jamus, irin su Max Wertheimer, suka yi bayani tun farkon ƙarni na 20. A aikace, ka bar gefen da haske ya bugi jiki a buɗe, farar takarda ta zama hasken, ka danna gawayi a gefen inuwa da inda nauyi ya sauka. Layin da kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe waya ce, ba jiki ba.

Ba da layi kaɗai ake ragewa ba. Ka kanne idanu har komai ya dushe, ka ga duhu da haske kawai, ka kwantar da gawayi ta gefensa ka shafa duhun a dunƙule biyu ko uku. Ko ka yayyaga baƙar takarda da hannu ka jera a kan fara. Matisse, mai zane ɗan Faransa, da almakashi da takarda mai launin shuɗi ya yi wasu shahararrun siffofinsa a 1952, lokacin da jiki ya yi rauni, kuma fararen giɓin da ya bari tsakanin guntayen su ne gaɓoɓin.

Bayan ragewa sai ƙari, amma a abu ɗaya tak. Koma ga kalmar nan da ka zaɓa a matakin farko. In gajiya ce, ƙara lanƙwasa bayan fiye da yadda yake. In gadara ce, faɗaɗa kafaɗun rigar ka rage kan. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Mutum-mutumin yumɓu na Nok da aka tono a kudancin Kaduna, masu shekara fiye da 2000, kawunansu manya ne ƙwarai a kan jikin, idanunsu masu kusurwa uku da huda a tsakiya. Yusuf Grillo, ɗaya daga ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, ya shahara da miƙar da mutanensa su yi tsawo, a cikin shuɗi, tufafinsu a kakkarye kusurwa-kusurwa. In ka ƙara abu biyu ko uku a lokaci guda kuwa, ka koma zanen barkwanci.

Maganar fuska

Labarin zuciya a tambayi fuska, haka ne, amma a zanen ishara fuska makwaɗaiciya ce, ita kaɗai take cinye kallo. Alfred Yarbus, wani masani ɗan Rasha, ya auna yadda ido yake yawo a kan hoto, ya nuna cewa mai kallo yana ta komawa kan idanu da baki. Ɗigo biyu da ɗan layi a ƙasa sun isa mutum ya ga fuska, har a jikin soket na bango ko gaban mota. To in ka sa waɗannan ɗigo biyu, duk wahalar da ka sha a kan kafaɗa da baya ba mai ganinta. Ni shawarata ka bar fuskar fili. Karkatar hula, ɗaurin ɗankwali, ko layin haɓa guda ya isa ya nuna inda mutum yake duba, kuma mai kallo zai bi wannan duban da nasa idon, don haka ka bar sarari a takarda ta wannan ɓangaren.

Na san wani zai tambayi hukuncin zana mai rai. Malamai sun yi magana mai tsawo a kai, akwai masu tsanantawa, akwai masu bambanta mutum-mutumi da zanen takarda, akwai masu sassautawa idan surar ba ta cika ba. Wannan fagen malamai ne, ka kai tambayarka gare su. Abin da na lura da shi kawai shi ne mutane da dama da ba sa sakewa da zanen fuska sukan tsaya su kalli irin wannan hankali kwance.

Mataki na shida: kai wa masu kallo

Kai ba za ka iya yi wa zanenka alƙalanci ba, domin ka san abin da ka zana, idonka yana cike giɓin da wani ba zai iya cikewa ba. Kafin ka fita da shi, duba shi a madubi, karkatar da ta ɓuya maka za ta fito. Ka kife shi ƙasa a sama ka ga ko nauyin baƙi da fari ya zauna. Ka jingine shi a bango ka ja da baya taku goma.

Sannan ka nemi mutum biyar, ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya ji amsar wani. Kada ka tambaya "ya yi kyau?" Mutanenmu akwai kara, za a ce maka "Ma sha Allah, Allah ya ƙara basira" ko da an ga shirme. Ka nuna na daƙiƙa uku, ka kife, ka ce: me ka gani? Me yake yi? Babba ne ko yaro? Ina idonka ya fara sauka? Kada ka faɗi sunan zanen, domin da zarar ka ce "mai daka ce" kowa zai ga mai daka. Ka haɗa da yaro ɗan shekara shida ko bakwai, su ba su san kara ba. Ka kuma haɗa wanda ya san mutumin da wanda bai san shi ba. Na farko zai gaya maka ko ka kama kamanni, na biyu zai gaya maka ko ka kama tsayuwa.

Na taɓa zana ƙanwata tana zaune a kan tabarma ta ba ni baya, cikin hijabi, na rage ta zuwa layi biyar, ina ta jin daɗi. Na kai wa kakarmu. Ta karɓa, ta nisanta shi da idonta, ta matso da shi.

"Wannan tulun wa ya fasa masa baki?"

"Inna, ba tulu ba ne, ki ƙara dubawa."

"To ko buhun gero ne aka jingine? Kai dai ɗan nan, da ka zana abin da mutum zai gane."

Na koma na ɗora shi a kan cikakken zanen. Ashe na daidaita ɓangarorin biyu sun zama iri ɗaya, alhali ita ta dogara ne a hannun hagu, kafaɗar hagun ta ɗaga, kan ya karkata dama. Abin da yake daidai ta kowane gefe, ido yakan ɗauke shi kayan amfani ne, tulu ko turmi. Na mayar da karkatar, na ƙara ɗan layi guda na tafin ƙafa da ya leƙo ta ƙarƙashin hijabin. Layi shida ke nan. Da na mayar mata, ba ta ko nisanta shi ba ta ce, "Au, wannan ai mutuniyar ce, zaman rashin son aikin nan nata."

Ka rubuta amsoshin mutanenka biyar a bayan takardar. In huɗu sun ga mutum kuma sun faɗi abin da yake yi, ka tsaya nan, kada ka ƙara komai. In sun ga mutum amma sun saɓa a kan halinsa, wani ya ce addu'a yake wani ya ce gyangyaɗi, wannan saɓanin ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ke sa a daɗe ana kallo, sai dai in kalmarka ta farko ce kake so lallai ta isa. In kuwa uku sun ga tulu, koma wa takardar da ta gabaci wannan a jerin ragewarka, ka nemo layin da ka zubar wanda bai kamata ba. Yawanci ɗayan uku ne: karkatar kafaɗa, inda wuya ya rabu da jiki, ko inda jiki ya taɓa ƙasa.

Gawayi yana gogewa da ɗan taɓi. Zanen da ka zaɓa ka fesa masa feshin nan mai sandarar da gashi (hairspray) sama-sama daga nesa kamar kamu biyu, a waje inda iska take, ka bari ya bushe, ka sa farar takarda a kansa kafin ka adana. Ka rubuta kwanan wata da adadin layukan a kusurwa. In za ka ɗauke shi a waya, ka ɗauka a inuwa da safe, wayar tana saitin tsakiyar takardar, kuma ka nuna wa wanda ka zana kafin ka ɗora shi a Facebook.